Sili Takwas Zuwa Ɗakin Ƙwai

Tsakanin kujerar Inna da ke falo da ɗakin ƙwai akwai taku sittin da huɗu da matakala bakwai: uku a ƙofar baya, huɗu a gangaren da ke sauka zuwa ƙarshen tsakar gida. Babu wanda ya taɓa ƙirga su sai da gwiwarta ta hagu ta fara kumbura.

Ɗakin ƙwai tsohon sito ne mai kaurin bango da rufin kwano. A cikinsa Inna ta ajiye injin ƙyanƙyasa, wani farin akwati mai kama da ƙaramin firji, wanda ke ɗaukar ƙwai arba'in da takwas. Shekara shida ke nan tana zuba masa ƙwan kajinta, bayan kwana ashirin da ɗaya ta kwashi 'yan tsaki. Sharaɗin aikin guda ne: zafin cikin akwatin ya tsaya a kan digiri talatin da bakwai da rabi. Bara hitar injin ta mutu da hantsi, ba ta sani ba sai da yamma, ƙwan duka suka lalace. Tun daga ranar take sauka duba ma'aunin zafi sau tara, wani lokaci sau goma a yini, tana dafa bango.

Ta gwada aiken mijinta. Sau biyu ya je ya dawo ya ce lafiya lau. Da ta tambaye shi lamba nawa ya gani, sai ya ce lamba mai kyau. Daga nan ta sallame shi daga wannan aiki.

Da likita ya ce gwiwar ba za ta ci gaba da ɗaukar wannan hawa da sauka ba, 'ya'yanta suka yi shawara ta waya. Babban Yaya, ɗanta na fari, ya yanke cewa a ɗauke injin a ba wa wani. Inna ba ta yi musu ba. Ta ce "To," ta ajiye wayar, ta ci gaba da goge ƙwan da ta tara da busasshen tsumma, ɗaya bayan ɗaya.

Auta ce ta nemi alfarma. Ita mai haɗa magunguna ce a wani asibiti mai nisan tafiyar awa biyar, amma ranakun hutunta a kan 'yan ƙananan allunan lantarki suke ƙarewa, irin waɗanda ake rubuta wa umarni da kwamfuta su yi ɗan aiki guda, kamar kunna fitila ko buga ƙararrawa. Ta ce a ba ta mako ɗaya. Idan ta iya kawo lambar zafin har gaban kujerar Inna, injin ya zauna. Babban Yaya ya yarda, ya kuma ce motar da zai aiko ranar Lahadi ta mayar da Auta wurin aikinta, ita ce za ta ɗauke injin idan abin bai yi ba.

Ta iso da gwangwanin biskit cike da kayan aikinta, ta juye shi a kan teburin cin abinci. Allon da ta zaɓa bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta haɗa masa wani ɗan ƙarfe mai auna zafi, ta jingina tsohuwar wayarta a kan wata 'yar kantar katako da ke kusa da kujerar Inna, ta bayyana cewa allon zai riƙa aiko lambar kowane minti ɗaya, wayar ta nuna. Idan zafi ya sauka, ko ya hau, ko saƙo ya daina zuwa, wayar ta yi ƙara.

Inna ta ɗaga allon ta juya shi a tafin hannunta.

"Wato duk abin da ya gani a can sai ya kawo mini nan?"

"Duk minti ɗaya, Inna."

"Ashe magulmaci kika kawo mini gida."

Sunan ya zauna masa. A kan tebur Magulmaci ya yi aikinsa daidai. Auta ta damƙe ƙarfen a hannunta, lamba ta hau, Inna ta yi dariya har da tafi. Amma da aka kai shi ɗakin ƙwai sai ya yi shiru. Tsakaninsa da rawuta, akwatin intanet ɗin gidan, akwai bango uku da tankin ruwa da rufin kwano, wayales ba ya kaiwa can. Auta ta ɗora shi a taga, ta ɗaure shi a kan sanda, ta hau kujera ta ɗaga shi sama. Babu abin da ya zo.

"Sai dai kebul," in ji ta da ta dawo falo. "Ina da wani allo na biyu mai ramin kebul, zan haɗa masa. Matsalar ita ce wanda zai ja mana waya tun daga nan har can."

Mahaifinta yana zaune a gefe da rediyonsa. A unguwa Mai Waya ake ce masa, domin shekara talatin da huɗu ya yi yana hawa turakun tarho, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan da ritayarsa babu wanda ya nemi ya ja masa ko da taku ɗaya na waya. Ya kashe rediyon, ya tashi ya shiga ɗaki. Can ya fito da wata jakar fata da ta ƙoshi da mai da ƙura, ya ajiye ta a kan tebur kusa da gwangwanin biskit.

"Mita nawa?" ya tambaya.

"Ban auna ba, Baba."

"Arba'in da biyar, idan aka bi ta jikin katanga. Ki sayo hamsin."

Ranar Litinin Auta ta zauna da ƙarfen narka dalma. Allo na biyu yana ɗauke da wani ɗan akwatin ƙarfe mai rami murabba'i, da fitilu biyu ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, kore da rawaya. Ta haɗa allunan biyu da gajerun wayoyi bakwai: biyu na wuta, huɗu na maganar da za su riƙa yi tsakaninsu, ɗaya na tayar da shi idan ya yi barci. Mai Waya ya tsaya a kanta yana kallo, hannuwansa a baya.

"Dalmar ta yi yawa a na ukun."

"Baba, inuwarka ce ta tare mini haske."

"Inuwata ba ta zuba dalma."

Ya fita ya kama nasa aikin. Ya huda bangon falo a bayan kanta, inda ido ba zai gani ba. Ya zura kebul ɗin cikin bututun roba, ya bi da shi ƙarƙashin taga, ya kewaye famfo, ya hau jikin katanga. Kowane taƙi biyu ya buga ƙusa mai baka, yana aunawa da hannunsa. A kusurwa ba ya karya waya, sai ya lanƙwasa ta a hankali kamar wuyan buta. Kafin wayar ta shiga ɗakin ƙwai ya bar mata ɗan ciki da ya sauka ƙasa, domin ruwan sama ya ɗiga a waje kada ya bi ta zuwa ciki. Yini biyu ya yi yana wannan aiki, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Inna, da ke kallonsa ta taga, ta ce wa Auta rabonta da ganinsa ya ci abinci a tsaye tun kafin a yaye ta.

Ranar Talata da yamma aka zo kan sanya kawunan kebul. Kan kebul ɗan roba ne mai haske da haƙoran ƙarfe takwas, ana jera silin waya takwas a cikinsa a matse da wata filaya ta musamman, wadda Mai Waya ya aro daga shagon kayan lantarki na bakin titi. Auta ta zana masa jerin launukan a takarda, ta koma kan kwamfutarta.

Ya fere bakin kebul ɗin. A ciki akwai sili takwas, biyu-biyu a murɗe da juna: ruwan lemo da farinsa mai ratsin lemo, kore da nasa farin, shuɗi da nasa, ruwan ƙasa da nasa. Ya yi murmushi, domin ya san su. A aikin tarho ma'aurata suke kiran kowane biyu. Ana murɗe su ne domin duk hayaniyar da ta taɓa ɗaya ta taɓa ɗayan daidai wa daida, su kashe ta a tsakaninsu. Babu abin kunya a wannan sana'a kamar raba ma'aurata. Ya tuna wani abokin aikinsa da ya yi haka a kan turke, wani tela ya shafe wata guda yana jin cinikin wani mahauci a cikin wayarsa, har ya san farashin kowace cinya. Ogansu ya sa mutumin ya hau turken nan sau uku a rana guda.

Sannan ya sa tabarau ya duba takardar. Farin lemo, lemo. Daidai. Farin kore, sai shuɗi, sai farin shuɗi, sannan kore. Ya sake karantawa. An ɗauke kore daga gefen farinsa, an jefa shi can gida na shida, an cusa shuɗi da nasa farin a tsakaninsu.

Ya girgiza kai. A ransa ya ce duk wanda ya fara zana wannan bai taɓa hawa turke ba. Ya san ƙa'idar waya: muddin jerin wannan kai ya zo daidai da na wancan, abin da ya shiga ta gida na uku zai fita ta gida na uku. Bai ga dalilin da zai sa ya kunyata yarinyar a kan takardarta ba, bai kuma ga dalilin da zai sa ya ɓata hannunsa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya jera kowane sili kusa da abokin murɗinsa, ya matse. Da ragowar kebul ɗin ya yi wani gajere mai tsawon kamu biyu, da irin wannan jeri, ya kai wa Auta.

Ta soka gajeren a rawuta da jikin Magulmaci a kan tebur. Koriyar fitila ta kama, rawaya ta fara ƙiftawa, lamba ta fito a wayar Inna.

"Baba, hannunka bai tsufa ba!"

"Wa ya ce miki ya tsufa?"

Da safiyar Laraba suka kai Magulmaci ɗakin ƙwai, suka zura ƙarfen awo cikin injin, suka kunna shi babu ƙwai, suka soka dogon kebul. Koriyar fitila ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. A falo lamba ta zo sau ɗaya, ta ɓace na minti bakwai, wayar ta fasa ƙara, sannan lambar ta dawo kamar ba ita ba. Kafin azahar ƙararrawar ta buga sau goma sha ɗaya. Inna ta ce a rufe bakin abin nan kafin ya sa mata hawan jini a kan ciwon gwiwa.

Auta ta tambayi mahaifinta, cikin ladabi, ko akwai silin da ya tsinke a hanya. Bai ji haushi ba. Ya ɗauko batir da ɗan ƙwan fitila daga jakarsa, ya sa ta tsaya a falo shi yana ɗakin ƙwai, suna kiran lamba ta tsakar gida. Ɗaya, ta kama. Biyu, ta kama. Har takwas, kowanne ya kawo wuta, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa.

"Waya lafiyarta ƙalau," in ji shi, yana mayar da batir jaka. Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, domin haka ya yi imani.

Daga nan Auta ta juya kan kanta. Ta sake narka dalmar wayoyi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta canza cajar da ke ba allon wuta, ta ce wataƙila ƙarfinta bai isa ba. Ta goge umarnin da ta rubuta ta sake rubutawa tun daga farko. Ranar Alhamis ta cire allo mai ramin kebul ta sa wani da ta zo da shi na ajiya. A kan tebur komai ya yi, a ɗakin ƙwai abin ya koma gidan jiya. Yanzu ita ce ke hawa da sauka a matakalar, da kwamfuta a hammata. Shayinta yakan huce a inda ta ajiye shi.

Inna ba ta tambayar yadda ake ciki. Ƙwanta arba'in da takwas sun cika, suna jere a kiret a ƙarƙashin kanta, tsininsu a ƙasa. Kowace safiya takan karkata kiret ɗin gefe guda, da yamma ta karkata shi ɗaya gefen. Ranar Juma'a ta ce wa Auta, ba tare da ta kalle ta ba, idan motar ta zo a haɗa da kwanon ruwan injin da ke bayan ƙofa, kada a kai wa mutane kaya babu cika.

Da la'asar ɗin ranar Mai Waya ya kawo wa 'yarsa wani sabon shayi. Ya same ta ta tallafe kumatu tana karanta takardar bayanin allon a kwamfuta, tana furtawa a hankali kamar mai tilawa.

"Ɗaya da biyu na aikawa. Uku da shida na karɓa."

"Uku da me?"

"Da shida, Baba."

"Ba uku da huɗu ba?"

"A'a. Huɗu da biyar ma ba ya amfani da su. Haƙoran ramin haka aka ƙera su, uku abokin shida ne." Ta ja kofin gabanta ba ta ɗago ba. "Na gode, Baba."

Ya fita tsakar gida ya tsaya a gindin katanga, ƙarƙashin ƙusoshinsa masu kyan jeri. Ya ƙirga a yatsunsa. A gida na uku ya sa farin kore. A gida na shida ya sa shuɗi. Wato allon yana sauraron magana ta sili biyu da ba su taɓa murɗuwa da juna ba, tsawon mita arba'in da biyar. A kamu biyu hayaniya ba ta samun wurin shiga, shi ya sa gajeren ya yi aiki. Ƙwan fitila kuwa wuta kawai ya sani, bai san wa aka haɗa da wa ba. Takardar da ya raina ita ce ta haɗa ma'auratan. Shi ne ya raba su, da hannun da ya shekara talatin da huɗu bai taɓa yin haka ba.

Ya ciro takardar daga aljihu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa takalmi ya nufi bakin titi.

"Mai Waya, ba shekaranjiya ka dawo da filayar nan ba?" in ji mai shago. "Ko wani gidan ya ba ka kwangila?"

"Ba ni ita, da kawuna biyu. Ka bar tambaya."

"Uku zan ba ka. Hannun tsoho yakan zame."

"Hannun kakanka."

Ya karɓi ukun. Ya shigo gida da filayar a cikin aljihun riga, hannunsa a kanta.

Ya riga ya ga hanya mai sauƙi. Auta ta ce da safe za ta shiga kasuwar 'yan lantarki ta nemo wani allon na uku, daga wani kamfani daban. Tafiyar za ta ci awa biyu. Sanya kawuna biyu ba zai wuce minti goma ba. Idan ta dawo ta haɗa sabon allo komai zai yi, ta ce tsofaffin ne suka lalace, injin ya zauna, kowa ya yi murna. Babu wanda zai cutu. Ya faɗa wa kansa haka sau da yawa kafin gari ya waye.

Da safiyar Asabar Auta ta sa takalmi a bakin ƙofa, ta yafa gyale, ta rataya jaka. Ta tsaya gaban kujerar mahaifiyarta ta ɗan rusuna.

"Inna, idan wannan ma bai yi ba, ki yafe mini. Na cika baki a gaban Yaya, ashe ban iya ba. Wasa nake yi da su kawai, ban san aikin gaske ba."

"Je ki dawo lafiya," in ji Inna. Amma ba ita take kallo ba. Ta saman kan 'yarta take kallon mijinta, wanda ke riƙe da rediyon da bai kunna ba.

Auta ta kai ƙofar gida, har ta zare sakata.

"Auta."

"Na'am, Baba?"

"Dawo. Cire takalmin."

Ta dawo. Ya ajiye rediyon, ya shiga ɗaki, ya fito da filayar da kawuna uku da takardarta, ya jera su a kan tebur. Ya zare kan dogon kebul daga rawuta ya miƙa mata.

"Ɗaga shi a haske. Karanta mini launukan."

Ta ɗaga. "Farin lemo, lemo, farin kore, kore..." Ta tsaya. Ta dubi takardar, ta sake duban kan kebul ɗin, sannan ta dubi mahaifinta.

"Na ga takardar ta raba kore da farinsa," in ji shi. "Na ce kuskure ne, na gyara miki. Allunanki lafiyarsu ƙalau, dalmarki ma haka. Laifin nawa ne."

Auta ta zauna a hankali. Ta ajiye kan kebul ɗin kusa da takardar.

"Kwana uku, Baba," ta ce a ƙarshe. "Kwana uku ina zagin kaina."

"Ban sani ba sai jiya."

"Jiya?"

"Jiya da la'asar."

"To filayar nan a ina ta kwana?"

"Ƙarƙashin matashi," in ji Inna. "Ni ta tokara a wuya. Na ce bari in ga ko Malam aski zai fara yi wa mutane da ita."

Auta ta so ta riƙe fushinta, dariya ta ƙwace mata. Ta kifa kai a kan tebur kafaɗunta suna rawa, ta ɗago da hawaye a ido. Mai Waya bai yi dariya ba, amma ya saki numfashin da ya kwana da shi.

"Ni zan sa," in ji shi. "Ke ki riƙa kira mini."

Ya yanke tsohon kan, ya fere sabon baki, ya warware murɗin iyakar faɗin farce, bai ƙara ba. Ya miƙar da silin tsakanin babban yatsa da manuni.

"Farin lemo," in ji Auta.

"Farin lemo."

"Lemo."

"Lemo."

"Farin kore."

"Farin kore."

"Shuɗi."

Yatsansa ya riga ya ɗauko kore. Ya tsaya, ya dube shi, ya ture shi gefe, ya jawo shuɗi.

"Shuɗi," ya ce.

Suka kai takwas. Ya daidaita bakinsu da almakashi, ya zura su cikin kan, ya miƙa mata ta duba kafin ya matse. Ta ɗaga a haske, ta ƙirga, ta gyaɗa kai. Filaya ta yi ƙas. Suka sauka ɗakin ƙwai tare suka yi na biyun. A can hannunsa ya zame, lemo ya hau kan farin kore, sai da aka yi amfani da kai na uku. Ya roƙe ta kada mai shago ya ji wannan.

Ta soka kebul ɗin a jikin Magulmaci. Koriyar fitila ta kama. Suka tsaya suna kallonta, babu mai motsi. Minti ɗaya, minti biyu, ba ta ƙifta ba. Rawayar kuwa tana ta ƙifce-ƙifcenta.

Daga can cikin gida muryar Inna ta ratso tsakar gida: "Talatin da bakwai da ɗigo huɗu!"

Bayan minti ɗaya: "Da biyar!"

Suka bar shi yini guda cur. Auta ta zauna da takarda tana duba ko akwai mintin da ya ɓace, ba ta samu ko ɗaya ba. Ta kashe hitar da gangan, ƙararrawa ta buga a kan lokaci. Ta zare kebul, ƙararrawar ta sake bugawa. Mai Waya ya samo wani ɗan akwatin roba ya kafe shi a bango, ya sa allunan biyu a ciki domin ƙura da gashin kaji. Gajeren kebul ɗin nan kuwa ya yanke kawunansa biyu ya jefa a shara, ya ce ba ya son a same shi a gidansa.

Ranar Lahadi da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Direban ya shigo da igiya da tsohon bargo, kamar yadda Babban Yaya ya umarce shi. Inna ta amsa gaisuwarsa, ta nuna masa kujera, ta sa aka kawo masa shayi. Ta juya wayar da ke kan kanta ta fuskance shi.

"Karanta mini, ɗan nan, idona ba ya gani sosai."

"Talatin da bakwai da biyar, Inna."

"Yawwa. To kira ubangidanka ka faɗa masa haka. Ka ce masa igiyar za mu riƙe, muna buƙatar ta shanya."

Babban Yaya ya nemi a ba shi Auta, ya yi mata tambayoyi masu yawa. A ƙarshe ya ce sau ɗaya a yini ya yarda Inna ta sauka, shi ma da sanda. Inna ta karɓi wayar ta ce sau biyu. Suka tsaya a kan biyu.

Auta ta mayar da kayanta cikin gwangwanin biskit. A bakin mota mahaifinta ya tambaye ta, yana kallon wani gefe, ko irin allon nan zai iya sanin yawan ruwan da ke cikin tanki, domin akwai ragowar bututu, kuma daga ɗakin ƙwai zuwa tankin bai fi mita tara ba. Ta ce zai iya, idan ta zo hutu na gaba. Ta ƙara da cewa za ta aiko masa da zanen tun kafin ta zo, ya samu lokacin yin musu da shi.

Bayan motar ta tashi, Inna ta jawo kiret ɗin daga ƙarƙashin kanta. Ta ɗora fensir a kan kowane ƙwai ta yi masa ɗan ɗigo a gefe guda, sannan ta miƙa wa mijinta da hannu biyu.

"Tsinin a ƙasa. Kada ka girgiza. Kada ka tsaya gaisawa da kaji."

Ya ɗauka ya fita yana taka ƙasa a hankali. Ta bi shi da ido ta taga har ya shige, sannan ta miƙe ƙafarta a kan ɗan matashi ta juya ga wayar. Talatin da bakwai da biyar. Ya buɗe injin ke nan, domin lambar ta fara sauka. Talatin da shida. Talatin da huɗu da rabi. Ta san abin da yake yi: yana can yana jera ƙwan ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowanne domin ɗigon ya kalli gefe guda da na 'yan'uwansa. Ƙararrawa ta buga.

Inna ta tura taga da sandarta.

"Malam! Ba ƙusa kake bugawa ba! Rufe mini ƙofar nan kafin su yi mura!"

Ta ji ƙarar murfin daga nesa. Ta kashe ƙararrawar, ta gyara zama, tana kallon lambar tana hawa a hankali.